Muryar Yaya Habsu da waƙar da ta tafi da ita

Da sunan Allah nake farawa. Sunana Zali. An haife ni a wani ƙauye kusa da Barmu, amma a Tawa na tsufa. Ban yi karatu ba, ko sunana aka rubuta ba ni gane shi. Ramatu ce ke riƙe da alƙalami, ɗiyar wadda zan ba da labarinta, malama ce a lakkol, wato makarantar boko. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, in kuka ya zo mini ta aje alƙalamin ta jira ni, kuma kada ta sassauta magana don uwarta ce.

Ina faɗin wannan ne don masu dushewar murya da masu jinyarsu. Saura kuma don kaina ne, ƙirjina ya yi nauyi.

Yaya Habsu ɗiyar wan babana ce, ta girme ni kaɗan. Babanta limami ne, shi ya koya mata ajami a kan allo tare da ƴan'uwanta maza. Da aka zo neman yaran da za a sa lakkol, mutanen ƙauye suka ɓoye nasu cikin rumbuna, ita kuwa ta fito da ƙafarta don ta ga motar mutumin gwamnati. Haka aka rubuta sunanta. Uwarta ta yi kuka kamar an yi rasuwa. Ba ta yi nisa da karatun ba aka yi mata aure, amma ta fito tana rubutu daga dama, tana rubutu daga hagu.

Lokacin da aka buɗe karatun manya, ita aka ba matan yankinmu. Mata ba su zuwa, domin ba wadda za ta bar daka ta zauna kallon allo. Sai ta mai da darasin waƙa: ta tace ruwa, ta awon ciki, ta kai yara rigakafi. Daga nan ta wuce zuwa waƙoƙin kanta. Shekarar babbar yunwa, da dabbobi suka ƙare, makiyaya suka gangaro daga arewa ba su da komai sai tukwane, ta yi wata wadda har yau tsofaffi in suka ji sai sun share ido. An kai mu Yamai, an kai mu Damagaram, mun shiga gidan rediyo. Mu huɗu ne ƴan amshinta, ni da Tanni da Dije da Biba. Ita ke tsara kalmomi, ita ke sa musu murya, ita ke shirya kiɗan ƙwarya. Sau da yawa in an sa waƙar a rediyo sunan shugaban ƙungiyarmu ake faɗi, wani mutum da ko tafi bai iya ba. Mu ke fushi. Ita sai ta ce mu bar shi, ai matan bakin rijiya sun san mai abu.

Dole in faɗi yadda take aiki, domin a nan ne abin ya same mu. Kalmomi takan rubuta su a takarda. Murya kuwa, wato yadda waƙa ke hawa da sauka, ba ta da rubutu, cikin kanta take ajiye ta. Kuma ba ta barin kowa ya ji waƙa sai ta ƙare. Ranar da ta ƙare sai ta dama fura, ta aika a kira mu, ta kife ƙwarya a kan ruwa, ta ba mu amshi tukuna, sannan baituka. Mu kuma ba mu tambaya. Haka muka tarar wurin na gaba da mu: ƴar amshi kiranta ake yi. In ta buɗe baki ta ce wa uwar waƙa ta ba ta, kamar ta nemi gado ne wurin mai rai.

Bayan mijinta ya rasu ta je Makka ta dawo, ta daina fita taro. Tanni ta rasu, Dije ta bi ta, Biba ƴaƴanta suka ɗauke ta zuwa Agadas, can ta cika. Saura ni kaɗai. Amma Yaya ba ta aje rubutu ba. Ta kama wata doguwar waƙa a kan matan ƙasarmu ta Adar da mazansu ke tafiya bida, wato ci-rani, su bar su da yara da gona. Kowace mace da kashinta, kowane kashi da muryarsa. Takan hau motar kasuwa ta tafi Afala, ta tafi Takanamat, ta zauna da mata su ba ta labari, ta dawo ta yi ta rubutu ƙarƙashin rumfa leɓenta na motsi.

Ni ma ina ciki. Mijina Mamman ya fara zuwa Abijan ina da goyon fari. Yana tafiya yana dawowa, har shekarar da bai dawo ba. Wani ɗan garinmu ne ya kawo mini hularsa cikin leda, ya ce zazzaɓi ne, an rufe shi can. Ban ga gawa ba, ban san ƙasar da ta rufe shi ja ce ko baƙa ba. A kan hula na yi takaba. Yaya ta san ban taɓa yarda har zuciya ba, ta san in mota ta tsaya ƙofar gida har yau sai na ɗaga kai. Wata rana ta ce mini: "Naki kashi shi ne na ƙarshe, Zali. Ranar da kika ji shi, kin binne Mamman." Wannan magana na riƙe shekara da shekaru, ita nake jira.

Bayan girbi ne muryarta ta fara dushewa. Ba wanda ya damu. Mun saba da haka bayan biki, mu sha zuma da citta, kwana kaɗan ta buɗe. Na dafa mata kanumfari da lemun tsami, na hana ta ruwan randa. Mako ya wuce, wani ya bi. In ta yi sallama daga zaure sai ka ce namiji ne ya shigo. Muna dariya. Ta ce ai yanzu ta samu irin muryar da ake faɗin sunan mai ita a rediyo.

Da wata ya cika Ramatu ta kai ta ƙaramin asibitin unguwa. Majo, ma'aikacin jinyar wurin, ya haska bakinta da tocila, ya ce mura ce ta sauka ƙirji, ya rubuta maganin tari da ƙwayoyi. Ta shanye su duka, murya tana nan yadda take.

Sai ga Alhaji Idi, ƙanenta, ya zo daga ƙauye. Ya sa ta buɗe baki, ya leƙa, ya ce ga abin nan a fili: beli ne ya yi tsawo yana shafar maƙogwaro. Babansu bai yarda da wanzami ba, shi ya sa ba a cire mata tana jaririya ba, yau ga sakamakon. Ramatu ta ce ba ta yarda ba. Ya ce mata ƴar lakkol ta yi shiru manya na magana, kafin a gina asibiti da me aka raini iyayenta. Ni ma a gefen Alhaji nake, domin ƴaƴana duka an cire musu, kuma suna nan lafiya. Wanzami ya zo da hantsi, Ramatu na wurin aiki. A cinyata aka ɗora kan Yaya. Ba ta ko motsa ba, sai dai ta matse mini hannu har ya kwana yana ciwo. Jini ya zuba da yawa, ta yi kwanaki ba ta shan komai sai ruwan kunu.

Ba na zagin wanzamin, abin da ya gada ya yi. Amma ciwon ba a nan yake ba, yana can ƙasa inda ƙarfensa ba ya kaiwa. Mugun abin da yankan ya yi mana shi ne ya ba mu dalilin jira. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce a bari miki ya warke, murya za ta biyo baya. Da ya warke ba ta biyo ba, aka ce ai hannu ne, tsofaffin abokan gasa ne suka ɗaure ta. Aka kawo rubutun sha, aka kawo hayaƙi, wata ta ce ta haɗiye ɗanyen ƙwai kullum kafin rana ta fito. Duk ta yi. Haka sanyi ya shigo, ya zauna, ya fita.

Daga baya kunnenta na dama ya fara ciwo. Tuwo ya daina wucewa sai da miya mai yawa. Wata rana ina shafa mata man shanu a wuya na ji wani ƙullutu kamar ƙwallon goriba, da tauri, ba ya gudu ƙarƙashin yatsa. Na kira Ramatu ta taɓa. Wannan karon ba ta shawarci kowa ba, ta tsai da taksi muka tafi babban asibiti.

Lokotoron maƙogwaro, wato likitar, ba kullum take zama ba, kuma masu jiranta sun zo daga ko'ina, har daga Abalak. Bayan sallar asuba muke zuwa mu tarar mutane sun riga sun jera takalmansu a bakin ƙofa, kowane takalmi na riƙe wa mai shi layi. Ran farko ba a kai gare mu ba. Ran na biyu aka ce an kira ta wurin wani aiki na gaggawa. Muka yi ta zuwa muna komawa. Ni ke jera takalman Yaya, ita tana zaune a tabarma cikin inuwa, ta jingina da bango.

A wannan layin ne ta karya dokarta, sau ɗaya tak. Akwai wata matashiya kusa da mu da jariri, mijinta na Libiya, ya daɗe bai kira ba. Yaya ta yi ta jan ta da hira da ɗan abin da ya rage mata na murya. Da yarinyar ta tashi, Yaya ta kwantar da kanta a kafaɗata, ta sa baki kusa da kunnena ta rera:

Mun share ɗaki, mun aza tukunya,
Rana ta yi, ku komo gida.

Na maimaita a hankali. Ta ce na yi saurin sauka a ƙarshe, in ja shi kamar mai kiran wanda ya yi nisa. Na sake, ta gyaɗa kai. Sannan ta mintsine ni ta ce kada in saba, ɗanɗano ne, wannan amshin dukan waƙar ne, saura sai ranar fura. Na yi murna har na manta inda muke. Na ɗauka farawa ce.

Da muka samu shiga, lokotoron ƴar yarinya ce daga wajen Doso, Hausarta kaɗan ce, wata majo ke fassara mata. Ta zura wa Yaya wani siririn abu mai fitila ta hanci, ta daɗe tana kallo. Ta tambaya tun yaushe. Da Ramatu ta faɗa mata, sai ta aje abin. Ta tambaya ko Mama na shan taba. Ramatu ta ce a'a, ni kuwa na sunkuyar da kai, domin na san garin taba da kanwa da take ɗaurewa a haɓar zane tun muna ƴanmata. Lokotoron ba ta yi mana faɗa ba. Ta ce mu tafi Yamai, kuma kada mu jira kasuwa ko biki.

Aka sai da tinkiyata da ƴan kunnen da Yaya ta sayo a Makka. Ɗanta Sani da ke Abijan ya aiko da abin da ya samu. Hanya ta wahalshe ta, duk inda mota ta faɗa rami sai ta riƙe wuya. Muka sauka wurin wani ɗan garinmu mai gadi. Ɗaki ɗaya ke gare shi, matarsa Bazabarma ce, ba mu jin juna sai da hannu, amma ta sauka daga gadonta ta ba Yaya, ita ta koma tabarma tare da mu. Kullum sai ta tace kunu ta kai mana asibiti da ƙafa. Allah ya saka wa wannan mata, ko sunan babanta ban sani ba.

Aka gutsuri nama daga maƙogwaron aka ce mu jira sakamako. Mako ya bi mako. Yau a ce bai fito ba, gobe a ce mai sa hannu ba ya nan. Kowace takarda sai an biya, kowace takarda kuma wata take haifarwa. Da ya fito, wani babban lokotoro mai furfura ya zaunar da mu, shi Hausarsa tsab. Ya ce ciwon daji ne, wanda suke kira kansa. Ya ce sai an cire wurin da murya ke fitowa gaba ɗaya. Maganarsa tana kunnena har yau: "Mama, in mun cire, muna sa ran ki rayu, amma ba ki ƙara magana. In an bar shi, murya za ta tafi, ke ma ki bi ta."

Yaya ba ta tambayi kwananta ba. Ta tambaya in an bar shi, muryar za ta kai yaushe. Ya ce Allah ya sani, amma ba da nisa ba. Ta ce to tana da aiki a gida, in ta ƙare za ta dawo su cire abin da suka ga dama. Ya ce wannan ciwo ba ya jiran aiki. Ramatu ta durƙusa a gabanta cikin ofishin tana kuka tana roƙo. Yaya ta shafa kanta ta ce ta tashi, mutane na jira a waje.

Muka komo Tawa zafi na farawa. Rubuta wannan wurin da kyau, Ramatu, domin a nan aka yi hasarar.

A lokacin muryarta raɗa ce, amma raɗar da ke iya ɗaukar waƙa, na shaida da kunnena. Kullum da safe in wanke ta, in tace mata kunu sau biyu don kada ya tsaya, in jingina ta da matashi ƙarƙashin rumfa. Ta ɗauki takardunta. Ni in zauna kusa ina tsinkar zogale, ina sauraro ko za ta ce a jiƙa gero a yi fura. Ba ta ce ba. Ramatu ta kawo wayarta ta ce Inna ta rera ko kaɗan-kaɗan a ɗauka. Yaya ta ture wayar ta ce ba a ɗaukarta da muryar kazar da ta sha ruwa, kuma waƙa ba ta ƙare ba. Muka buɗe akwatin tsofaffin kasetocinta don a ce ga wani abu a hannu, muka tarar zafi ya manne su, ba ɗaya da ke juyawa.

Ramatu ta same ni a madafa ta ce: "Iya Zali, ke ki tambaye ta. Ke ba ta ƙi miki."

Na ce bakina ba ya iyawa. Na ce in na tambaya na faɗa mata ke nan mun fid da rai. Alhaji Idi kuma ya zo ya kafa doka cewa kada wanda ya ƙara ambaton waƙa a gidan, mace na bakin tafiya a bar ta da tasbaha. Sau nawa na tattara zuciyata na matsa kusa da ita, ta ɗago ta dube ni, ta aje alƙalami, ni kuwa abin da ke fitowa bakina shi ne ta ƙara kunu. Sai ta ɗauki alƙalamin ta ci gaba.

Tana ta ramewa. Zobenta ya faɗi cikin ƙwaryar wanka. Ta daina kwanciya, a zaune take barci, numfashinta na fito kamar iska a ramin ƙofa. Raɗar ma ta fara yankewa, in ta faɗi kalma biyu sai ta huta.

Gab da damina, wata rana da azahar, numfashin ya toshe. Ta miƙe tsaye tana kama iska da hannu, leɓenta ya yi baƙi. Maƙwabcinmu ya bar abincinsa ya fito da mota. Allah ya sa ƴar Doso tana nan. Ba ta nemi takarda ba, ba ta nemi kuɗi ba, ta tura gadon da kanta. Ta huda mata wuya ta sa wani ɗan bututu da suke kira kanul, ta nan iska ke shiga. Ta ceci ranta a wannan rana, ina yi mata addu'a duk sallah. Amma da Yaya ta farka ta buɗe baki, leɓe na motsi, ba abin da ke fita. Iskar duk ta wuya take bi.

Wata majo ta koya mini wanke kanul: a zare na ciki, a goge da ruwan da aka tafasa, a mai da shi da sauri, a rufe da ƙyalle mai tsabta saboda ƙuda. Ran farko ta ce in na iya tsifar kai zan iya wannan. Na iya kuwa. Kanul ita ce kalmar Faransancin da na koya da tsufana, da ma ban san ta ba.

Ramatu ta kawo mata ƙaramin allon lakkol da alli. Abin da ta fara rubutawa ruwa ne. Na biyun ya yi tsawo. Ramatu ta karanta a zuci ta sa hannu za ta share, na riƙe hannun na ce ta faɗa mini.

Ta ce: "Inna ta ce, mi ya hana ki tambaye ni, Zali? Kullum ina jiranki."

Na ji kamar an zuba mini ruwan zafi. Na ce: "Yaya, yaushe ƴar amshi ta taɓa tambaya? Ke ce ba ki dama fura ba. Ni ina nan gindinki kamar karya, ina kallon bakinki."

Ta share allon da gefen zane ta sake rubutu. Ramatu ta karanta: "In na dama fura waƙa ba ta ƙare ba, na yarda ke nan ba ni ƙare ta. Da kin roƙa, da na ce don ke na yi."

Na ce girman kai ne, tun muna yara haka take, gara ta mutu da a ga ta rasa. Ta rubuta cewa ni kuma tun muna yara sai an tura ni nake shiga ruwa. Muka yi faɗa a ɗakin marasa lafiya, tsofaffi biyu, ɗaya na ɗaga murya, ɗaya na danna alli har ya karye, Ramatu a tsakani tana karanta mini zagin da uwarta ke yi mini tana hawaye. Mutane na kallonmu. Daga ƙarshe ta jawo kaina ta ɗora a ƙirjinta. Ina jin iska na shiga na fita ta bututun nan a saman kunnena.

Da aka sallame mu ita da kanta ta nuna a jiƙa gero. Na dama furar, ta saka yatsa ta taɓa a harshe, domin ba ta iya sha. Na kife ƙwarya a kan ruwa. Ramatu ta ɗauko takardu ta karanta baiti, Yaya ta buga kiɗan, ni in lalubo muryar. In ta ɗaga hannu in hau, in ta sauke in sauka. Kiɗan na kama shi nan da nan, hannuna ya san hannunta. Amma tsakanin hawa da sauka akwai hanyoyi da yawa, kuma ɗaya ce tata. In rera, ta girgiza kai. In sake, ta girgiza. Ta gwada fito, iska ba ta zuwa baki. Ta toshe kanul da yatsa ta yunƙura har idonta ya yi ja, ba abin da ya fito sai tari. Kashi na farko muka yi ta fama da shi har ta ɗaga kafaɗa, irin ta wanda aka ba miya ba gishiri ya ce a bar shi haka.

Kalmomin kashina a gida ta ƙare su, a kwance. Ramatu ta karanta mini. Hular na ciki, ledar na ciki, har da yadda nake ɗaga kai in mota ta tsaya. Ban san ta lura da ni haka ba. Amma karatu ne kawai, kamar ana karanta mini saƙo. Na ji, na yi kuka, Mamman bai shiga ƙasa ba.

Muka gwada neman muryar kashin. Lokacin ba ta iya ɗaga hannu, balle buga ƙwarya. Ta jawo tafin hannuna ta riƙa ƙwanƙwasa kiɗan da yatsa ɗaya. Na bi shi ta wata hanya, yatsan ya tsaya. Na bi ta wata, ya tsaya. Rannan da la'asar na saki bakina na rera abin da ya zo mini, ban ma yi tunani ba. Yatsan bai tsaya ba har na kai ƙarshen baiti. Na dube ta, idonta a rufe. Na ce: "Yaya, shi ne?" Ba ta buɗe ba. Ban sani ba ko na dace, ko gajiya ce ta hana ta cewa a'a. Da gari ya waye na nemi abin da na rera, ya ɓace mini.

Ta cika da hantsi, kwana kaɗan bayan ruwan farko, mutane sun fita shuka. Ni da Ramatu ne a kanta. Ni na zare kanul ɗin kafin wanka. Alhaji Idi ya fi kowa kuka, ya zauna bakin zaure ya kasa amsa gaisuwa. Wani gidan rediyo na gari ya yi sanarwar rasuwarta, ya sa tsohuwar waƙar yunwa, kuma a ranar an faɗi sunanta daidai, har sau biyu.

Ga abin da nake so a ji. Muryar da ta dushe ta wuce wata ba ta buɗe ba, ba zuma ba ce maganinta, ba beli ba ne, a kai ta inda ake leƙa maƙogwaro da fitila. In an ce mura ce, magani ya ƙare ba sauƙi, a koma, a yi naci. Tsofaffi ƴan'uwana masu taba a haɓar zane, ku kwance ku zubar. Kuma in naku na kwance yana riƙe da abin da ba kowa ke da shi ba sai shi, ku tambaya. Ku bar shi ya yi fushi, ya ce kun fid da rai. Wataƙila shi ma bakinku yake kallo.

Na yafe wa Yaya, ina fata ta yafe mini. Amma ba zan ɓoye ba, wani lokaci in na tuna sai in ji haushinta kamar tana zaune a gabana, sannan in tuna ba ta nan.

Takardun suna wurin Ramatu cikin akwatin ƙarfe, ta ce za ta sa a buga su. A buga. Za a ga kalmomi, masu karatu su yaba. Waƙar kuwa mutum ɗaya ya taɓa jin ta, kuma mun rufe ta da ita. Hular Mamman tana nan ƙasan kayana cikin ledarta. Jiya ma mota ta tsaya ƙofar gida na ɗaga kai.

Ya isa, Ramatu. Aje alƙalamin, ki ɗauko kashin ƙarshe ki karanta yadda kika iya. In kin kai ƙarshen baiti ki tsaya, ni in amsa. Amshin kaɗai ta ba ni.